Ƙwan maraina bai sauko ba: har yaushe za a jira?

Iyaye mata, ku ke yi wa jariri wanka, ku kuka fi kowa ganin wannan. Dubi jakar marainan nan: dama akwai ƙwai, hagu fayau.

Tun yaro na ciki, can kusa da ƙoda ƙwayayen suke somawa. Ga su nan suna gangarowa ta matsematsi, sai a watannin ƙarshe su faɗa jaka. Wani lokaci ɗaya ya maƙale a hanya. Cikin jarirai maza 100 da suka cika watanninsu, kusan 3 haka ake haihuwarsu. A bakwaini kuwa ya kai kusan 30.

To, ga inda ake ta musu. "A bar shi, zai sauko da kansa." Gaskiya ne, amma da wa'adi: wata 6. Wanda zai sauko, yawanci kafin nan ya sauko. In yaro ya haura wata 6 gefen nan yana fayau, jira ya ƙare, a kai shi asibiti. Ba sai ya fara tafiya ba, ba sai an yaye shi ba, balle a ce a bari ya kai shekara bakwai a haɗa da kaciya. Ni wannan ta ƙarshen ta fi ba ni haushi, kamar asibiti na yin ragi in an haɗa biyu.

"Ai ba ya kuka, Hajiya, lafiyarsa ƙalau." Eh, abin ba ya ciwo, shi ya sa ake sakaci. Matsalar zafi ce. Jakar nan ta fi cikin jiki sanyi da digiri 2 zuwa 3, kuma da wannan sanyin ƙwan zai iya samar da maniyyi in yaro ya balaga. Duk shekarar da ya ƙara a sama, ƙwayoyin da za su yi wannan aiki raguwa suke. Ba a ganewa sai an yi aure haihuwa ta yi wuya, sannan kuma matar za a fara zargi. Ga haɗarin kansar maraina yana ƙaruwa. Shi ya sa likitoci suke son a yi tiyatar sauko da ƙwan tsakanin wata 6 da wata 18.

Murzawa da man zafi ba ta saukar da shi, kuma ba aikin wanzami ba ne. Ba sai kun kashe kuɗin hoto tukuna ba, likitan tiyatar yara da hannu zai fara lalubawa.

Aikin kansa: a sa yaro barci, ƙaramin yanka a matsematsi, wani a jaka, a sauko da ƙwan a ɗinke shi a mazauninsa. Kamar awa ɗaya, galibi ranar a koma gida. In ba a ji shi da hannu ba, sai a leƙa cikin da 'yar kyamara.

Wani ƙwan kuma wayo gare shi, sanyi ya taɓa shi ya gudu sama. Ku duba lokacin wanka da ruwan ɗumi. In ya sauko ya zauna, yawanci ba ya buƙatar tiyata, sai dai likita ya riƙa dubawa. Amma in an haifi jariri duka gefen biyu ba a jin komai, ko matsematsin ya kumbura farat ɗaya yaro na tsala ihu, wannan asibiti ne a ranar.