Wa ya dasa gamji a kan giginya?

Nasiru: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Sakkwato. Nasiru ne, ga Hadiza, ga kuma Kawu Bello ya dawo mana daga Rabah. Kawu, an zo lafiya? Ya zafi?

Kawu Bello: Lahiya lau, Nasiru. Zahi kam sai godiya. Da nit taso da hantsi na tsaya shan inuwa ƙarƙashin wani gamji bakin hanya, sai nig ga abin da na daɗe ina gani ban taɓa tambaya ba. Gamjin ya rungume giginya, tana tsakiya, kanta kurum aka hange bisa. Nic ce, to wa yah hau giginya yad dasa gamji can?

Hadiza: Tsuntsu ne, Kawu, ko jemage. Ya sha 'ya'yan gamji a wani wuri, ya zo ya sauka kan giginya ya yi kashi. Ƙwayar ta maƙale a gindin ganye inda ƙura da danshi suke taruwa, ta tsiro a can sama, ta riƙa sako saiwa har ta taɓa ƙasa. Cediya ma haka take yi. Kuma ka kai mu daidai kan maganar yau, don a manyan kurmin duniya akwai tsuntsayen da wannan dashen kusan shi ne aikinsu, dangin cilakowa da burtu.

Kawu Bello: Cilakowa tamu wagga? Mai dogon baki?

Hadiza: Danginta. Sun kai iri 60, a Afirka da Asiya. Wanda nake so mu fara da shi yana kurmin Borniyo da Sumatara da Malesiya da kudancin Tailan. Mu kira shi mai kwalkwali, saboda wani tozo ja da ke kan bakinsa. Nauyinsa kamar kilo 3, gashin jelarsa biyu dogaye suna bin sa a baya in yana tashi.

Nasiru: Na saurari kukansa a intanet jiya. Yana farawa a hankali, hu, hu, hu, yana ƙara sauri, sai ya ɓarke da wani abu kamar mutum yana ƙyaƙyata dariya. Sai da na sake kunnawa sau uku.

Hadiza: Abin da ya raba shi da 'yan uwansa, Yaya Nasiru, shi ne tozon nan. Na sauran holoƙo ne, ba nauyi. Nasa gabansa a cike yake tam, irin abin da ke yin ƙaho da farce, ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa. Da shi mazan suke karo a sararin sama, kamar raguna, kuma sau da yawa kusa da ɓauren da ya nuna ake wannan faɗan. Domin abincinsa kusan duka ɓaure ne.

Kawu Bello: Tsaya, ɗiyata. Kurmi mai icce dubu, mi as sa sai ɓaure?

Hadiza: Yawancin itatuwan kurmin can suna da lokacinsu, wasu ma sai an yi shekaru kafin su yi 'ya'ya da yawa. Ɓaure kuwa kowace bishiya da nata lokacin. Wannan ta nuna yau, waccan bayan wata biyu, saboda haka duk shekara ba a rasa wadda take da 'ya'ya. Ita ce rumbun kurmi lokacin da komai ya yanke. Masana sun lissafa tsuntsaye da dabbobi sama da iri 1,200 da suke cin ɓaure a duniya. Dangin ɓauren kansu sun haura iri 750, ciki har da gamji da cediya da durumi namu.

Nasiru: Kawu, ka taɓa ganin furen ɓaure?

Kawu Bello: Ban taɓa ba, kuma ban san wanda yag gani ba. Abin da nis sani, muna yara in munka tsinto ɓaure bakin gulbi, sai mu ɓare mu hure ƙwarin ciki. Kakata kan ce mai tona ɓaure ba shi shan ɓaure.

Hadiza: To ai furen kuka riƙa tonawa. Yana ciki. Ɗan ɓauren nan kamar ɗaki ne, furanni ƙanana sun jeru a bangonsa ta ciki, da wata 'yar ƙofa a ƙarshensa. Ƙwarin da kuke hurewa dangin zanzaro ne, ƙanana ƙwarai. Macen takan kutsa ta ƙofar nan ɗauke da garin fure daga wata bishiyar, fukafukanta ma sukan cire wajen shiga. Ta yi ƙwai, ta bar garin a kan furanni, ta mutu a ciki. 'Ya'yanta mata su fito da sabon gari su nemi wata bishiya, kuma kwana ɗaya ko biyu kawai suke da shi a duniya. Kusan kowane irin ɓaure da nasa ƙwaron. Shi ya sa dole a samu bishiyar da take shirye a kowane lokaci, in ba haka ba ƙwaron ya ƙare, ɓaure ya daina yin iri.

Kawu Bello: Allahu akbar. Iccen da Allah yar rantse da shi cikin Alƙur'ani, wat tini waz zaituni. Ashe ƙwaron da muka hurewa shi ka riƙe da shi.

Hadiza: Shi ke riƙe da shi ta wajen fure, tsuntsu kuma ta wajen iri. Ƙwayar da ta faɗi gindin uwarta ba ta cika rayuwa ba, inuwa da ƙwari suna gamawa da ita. Wadda ta bi cikin babban tsuntsu ita ke zuwa nesa. Kuma da yake mai kwalkwali a ƙololuwar manyan itatuwa yake zama, a can yake ajiye ta, daidai inda irin wannan ɓauren yake son tsira. A kurmin Dja na Kamaru an taɓa maƙala wa wasu manyan dangin cilakowa na'ura aka bi sawunsu, aka ga wanda ya yi tafiyar kilomita 290.

Nasiru: Wato ya zarce daga nan zuwa Gusau.

Hadiza: Ya zarce.

Nasiru: Ni inda abin ya fi taɓa ni, maganar sheƙa ce. Kawu, kai da ka yi kiwo, ka san yadda cilakowa take yi.

Kawu Bello: Na sani sarai. Macen ta shiga kogon icce, ta liƙe ƙohwar da laka da kashinta, ta bar 'yar tsaga awa ta asusu. Namijin shi ka kai da kawowa, shina miƙa mata hwara da ƙadangare ta tsagar. Mun sha tsayawa da awaki muna kallo. Zaman jego na sosai, ba ta hita.

Nasiru: Ita cilakowa tamu 'yan makonni take yi ta fasa ta fito. Macen mai kwalkwali takan yi wajen wata biyar a kulle, kuma ɗa ɗaya tak take renowa. A ciki take zubar da gashinta, akwai lokacin da ko ta fito ba ta iya tashi. Duk wannan lokacin namijin ne yake cika maƙogwaro da ɓaure ya zo ya amayo mata. Yanzu ka ɗauka maharbi ya laɓe ƙarƙashin ɓauren da ya nuna, don ya san nan za su zo. Ya harbe namijin.

Kawu Bello: Innalillahi. Ya kashe ukku ke nan.

Nasiru: Uku, Kawu. Ita da ɗan suna can suna jiran abinci ta tsaga.

Kawu Bello: To mi aka yi da shi? Nama?

Hadiza: Tozon ake so. Tun da yake a cike yake, yana sassaƙuwa kamar hauren giwa, ga shi ja da ruwan ɗorawa. Ana yin ƙwayoyin carbi da abin wuya da 'yan kayan ado da shi, kasuwarsa mafi girma a ƙasar Sin. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1975, amma fasa-ƙwauri ya tashi da ƙarfi bayan 2010. Wani masani ɗan Indonesiya, Yokyok Hadiprakarsa, ya ƙiyasta cewa a 2013 kaɗai an kashe wajen 6,000 a lardi guda, Kalimantan ta Yamma. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta ɗauke shi daga sahun waɗanda ake ɗan sa wa ido, ta tsallake matakai biyu, ta sa shi cikin waɗanda suke dab da ƙarewa. Ga kuma saran katako da gonakin kwakwar manja. Mai kwalkwali ba ya fafe kogo da kansa, sai ya samu tsohuwar bishiya mai kauri wadda ta riga ta yi kogo, kuma irin su masu katako suke fara kayarwa.

Nasiru: Kada mai saurare ya ce wannan labarin Asiya ne kawai. A kurmin Okomu na jihar Edo da na Kuros Riba akwai babban ɗan uwansu mai tozo ruwan ɗorawa, shi ma yana raguwa saboda farauta da saran daji.

Kawu Bello: Ku bar ta Edo, ku zo nan gida. Yaushe rabonku da ganin burtu?

Hadiza: Ni ban taɓa ganinsa da idona ba, Kawu. A magana kawai na san shi, an ce wane ya yi shigar burtu.

Kawu Bello: Kin ji ko. Mu da munka tashi, da asuba kana jin gurnaninsu daga daji awa ana kaɗa ganga nesa. Su biyu ko ukku suna tahiya ƙasa suna tsintar maciji da hwara. Mahalba su samu kan burtu su ɗaura ga goshi, su lulluɓa baƙin zane suna rarrahe, barewa ta ɗauka tsuntsu na. Nan maganar tas samo asali. Yau ɗiyan da ka hwaɗin karin maganar ba su san mai ita ba. Kuma burtu cikin kogon tsohuwar kuka ko wani babban icce shika ƙwai. Ina manyan iccen? Sun tahi gidan burodi, sun zama gawayi.

Hadiza: Shi ma a 2018 aka sa shi cikin masu fuskantar barazana. Sai dai shi ba ɓaure ne abincinsa ba, abin da ya haɗa shi da na kurmi shi ne tsohuwar bishiya mai kogo.

Kawu Bello: Kuma ba na zargin mai saran icce kurum. Mai gida da ɗiya goma, gas ya hi ƙarhinai, da mi za a dahwa tuwo? Abin da ka ba ni haushi, mu Sakkwatawa muna kiran Sardauna Gamji ɗan ƙwarai, amma duba titunanmu, dogon yaro na ko'ina. Ba ni ƙin dogon yaro, ya rufa muna asiri ga rana. Sai dai cediya da durumi reshe kurum aka sarowa a kahe da damina shi kama. Iyayenmu haka sunka yi ƙohwar gida da bakin kasuwa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ce Musulmin da yad dasa icce, in tsuntsu ya ci ko mutum ko dabba, sadaka ta gare shi. Tsuntsu anka hwara ambata.

Nasiru: Maganar da ka yi ta rashin zargi ta tuna mini da wata malamar jami'a a Tailan, Pilai Poonswad. A tsaunin Budo, can kudu inda ƙauyukan Musulmi ne, mutane suna hawa suna kwashe 'ya'yan tsuntsayen nan suna sayarwa, don talauci. Tun 1994 ta riƙa bin su gida gida. Ba ta kai su ƙara ba, ta ce musu ku ne kuka san kowace sheƙa a dajin nan, ku zo ku zama masu gadinta a biya ku. Iyalai a birni suka riƙa ɗaukar nauyin sheƙa ɗaya ɗaya, kuɗin yana zuwa hannun mai gadi. Har kogon da ya lalace suna hawa su gyara.

Kawu Bello: Wagga mata ta san mutane. Wanda yas san hanyar kogo, ai shi ka iya tsaronta. Nan ma tsohhin mahalba na nan Wurno da Goronyo, babu wanda yat tambaye su inda burtu yar rage.

Hadiza: To mu tambaya, Kawu. Masu saurare, duk wanda ya ga burtu a shekarun nan, ko yake da tsohon gamji ko ɓaure a garinsu da tsuntsaye ke taruwa a kai, ya turo mana saƙon murya, ya faɗi garin da lokacin da ya gani. Za mu saka a shiri na gaba.

Nasiru: Kawu, gamjin nan na hanyar Rabah, za ka kai mu?

Kawu Bello: Ranar Assabar in Allah ya kai mu. Amma ku taso da sassahe, tun rana ba ta yi ba, lokacin na tsuntsaye ka sauka kainai.

Nasiru: Allah ya kai mu. Masu saurare, mu kwana nan. Assalamu alaikum.