Faɗan Maƙwabta a Tankin Murjani

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, barkanmu da war haka, na kuma gode da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Maganarmu ta yau a kan murjani ce, mai rai, wanda ake kiwo a tankin gilashi cikin gida, da yadda yake hallaka maƙwabcinsa. Wani zai ce, abin da yake kamar dutse ko tsiro, ina shi ina faɗa? To murjani dabba ne. Kowane curi da kuke gani taron ƙananan halittu ne, kowacce da bakinta a tsakiya, da 'yan hannaye kewaye da bakin, a jikin hannayen kuma akwai ƙwayoyin harbi masu dafi. Cikin tsokarsa akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa da ke amfani da haske tana samar masa abinci. Saboda haka wanda ya tare masa haske ya tare masa abinci. Ga shi kuma galibinsa ba ya ƙaura, inda ya manne nan zai ƙare kwanansa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana. A teku ma ana saɓawa, balle a tanki mai cin lita 200 da aka cusa wa iri ashirin waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba.

Wata masaniya, Judith Lang, ta yi aiki a kan wannan a tekun Jamaika, ta fitar da sakamakonta a 1973. Ta riƙa haɗa iri daban-daban jiki da jiki tana duba wa zai ci wa. Sai ta tarar akwai gaba da gabanta: kowane iri yana da waɗanda yake ci da waɗanda suke cinsa, kuma masu kaurin tsoka masu jinkirin girma su ne a sama. Makamin da ta gani shi ne mafi muni a tankunanmu, don haka bari in tsaya a kansa.

Murjani yana da wasu zarurruka a cikinsa da yake narka abinci da su. Idan ya ji baƙo ya taɓa shi, sai ya fito da su waje, ta baki ko ta jikinsa, ya shimfiɗa su a kan maƙwabcin. Ka haska tocila da tsakar dare, za ka ga fararen zare a cukurkuɗe sun lulluɓe gefen ɗayan, suna motsi a hankali. Narka shi yake yi da ransa. Gari na wayewa zaren sun koma ciki, mai laifin ya yi lamo, shi kuwa wancan, gefen da ke fuskantarsa ya zama farin ƙashi fes, babu tsoka ko kaɗan. Dare ɗaya ya isa. Irin murjanin da ake kira Hydnophora ya yi suna a wannan, haka Acanthastrea da Lobophyllia. Sauƙin abin dai, zaren ba su da nisan zango. Sai an kusanci juna ƙwarai, ko kuma wani yanki ya faɗo a kan wani, wanda dodon koɗi ko kifi mai tono kan jawo. Shi ya sa nake cewa duk dashen da ka saka, ka manne shi da gam, kada ka ɗora shi kawai ka tafi.

Wanda ke da nisan zango shi ne dogon hannun da wasu iri ke fitarwa musamman don faɗa. Siriri ne, ya fi sauran hannayen tsawo nesa ba kusa ba, kansa a kumbure cike da ƙwayoyin harbi. Galaxea, wanda da rana za ka gan shi ɗan curi mai kyau, da dare yana iya miƙa irin wannan hannu har wajen santimita 30. Platygyra da Plerogyra da dangin Euphyllia duk suna yi. Ku lura da abu biyu a nan. Sau da yawa hannun ba ya fitowa ranar da ka saka murjanin. Makonni yake ɗauka yana tsirowa bayan ya ji akwai maƙwabci. Har binciken da ya biyo bayan na Lang ya nuna wanda aka ci a farkon haɗuwa kan iya tsirar da irin wannan hannu daga baya ya rama. Don haka in ka haɗa biyu suka yi mako guda lafiya, kada ka ce an sasanta. Sannan hannun yana bin ruwa ne. Inda famfo ya kora ruwa, can zai kaɗa. Wanda ke bayan mai dogon hannu, ta inda ruwan ke nufa, shi ke shan harbi, na ɗaya gefen kuwa ko a jikinsa.

Abin da ya fi damuna ke nan da yadda muke tsara tankunanmu. Da rana muke sayen murjani, da rana muke jera shi, fitila na ci, kowa ya tsuke hannunsa. Girman da muke gani a lokacin ba shi ne girmansa ba. Girmansa na gaskiya shi ne iyakar inda hannunsa ke kaiwa bayan an kashe fitila, a ƙara da faɗin da zai yi nan da shekara guda. Wannan fili da kake gani tsakanin curi biyu, wanda zuciya ke ta raya maka ka cike shi, mai shi yana nan, da dare yake zuwa. Ka samu tocila mai jan haske, ka jira awa biyu ko uku bayan duhu, ka duba da idonka kafin ka saka wani abu a wurin. Masu dogon hannu a ba su aƙalla santimita 15 ta kowane gefe, Galaxea kuwa a ninka masa.

Akwai kuma masu faɗa ba tare da taɓa kowa ba. Murjani mai laushi, wanda ba shi da ƙashin dutse, irin su Sarcophyton da Sinularia, yana sakin sinadarai a ruwa da ke hana na kusa girma. Wasu masana, John Coll da Paul Sammarco, sun yi aiki a kan haka a babban shingen murjani na Ostireliya a shekarun 1980. A teku ruwa mai yawa ne ke tsinka dafin ya tafi da shi. A tanki kuwa ruwan nan ne dai ke ta zagayawa. Sai ka ga Acropora, murjani mai ƙashin dutse mai rassa, ya dusashe, ya daina girma, ka auna gishiri da zafi da sauran abubuwa komai daidai, ka rasa dalili. Gawayin tace ruwa yana rage wannan, in ana sauya shi a kai a kai, haka sauya wani kaso na ruwan, da na'urar kwashe kumfa.

Sauran kuma mamaya suke yi. Xenia da koren Briareum suna bin dutse suna hawa kan duk abin da suka tarar. Irin waɗannan a ba su nasu dutsen daban, a tsakiyar yashi. Montipora mai faɗi shi kuma inuwa yake yi wa na ƙarƙashinsa har ya mutu da yunwa.

Idan an riga an yi ɓarna, a fara da raba su nan take, a wannan daren, ba sai gobe ba. A duba raunin. In fari ne tsaf, a sa murjanin inda ruwa ke ratsawa a hankali, sau da yawa tsoka takan dawo ta rufe. In kuwa aka ga wani kauri-kauri mai ruwan ƙasa ya kwanta a wurin, cuta ta shiga, kuma tana yaɗuwa da sauri. A fito da shi, a zuƙe abin a wani mazubi daban, a yanke kan da ya kamu har a shiga lafiyayyen wuri, a tsoma shi a ruwan aidin da aka tsinka bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar.

Kuma don Allah, duk mai sa hannu a tanki ya sa safar hannu da tabarau. Wasu irin Palythoa, dangin murjani masu manne wa dutse, suna ɗauke da dafin da ke iya kai mutum asibiti ta ƙaramin rauni ko ta ido. Dutsen da suke kai kada a kuskura a tafasa shi ko a zuba masa ruwan zafi, domin tururin kansa yana kama numfashin duk wanda ke gidan, har yara.

A nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, ya faɗa mana girman tankinsa da irin da ke ciki, sai mu duba tare.