Auren jinsi a Amurka: kotu ce ta yanke, ba majalisa ba

Assalamu alaikum. Malamaina da ɗalibai, barkanku da zuwa. Na baya kuna ji na ko? Madalla.

Matsayin addininmu kan auren jinsi babu wanda bai san shi ba a zauren nan, kuma ba shi ya kawo ni ba. Abin da nake so ɗaliban shari'a su riƙe shi ne yadda aka yi maganar ta zama doka a Amurka, don da yawa suna zaton majalisa ce ta zauna ta halatta. Ba haka aka yi ba.

A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da ta ce a wurin gwamnatin tarayya, aure tsakanin mace da namiji ne kawai. A 2004 jihar Massachusetts ta fara ɗaura auren jinsi bisa umarnin kotunta, sai jihohi kimanin 30 suka gyara tsarin mulkinsu suka toshe ƙofar. Har California, a 2008, ƙuri'ar jama'a ta ƙi shi.

To ina aka juya? A kan takardar shaidar mutuwa. Jim Obergefell da John Arthur mutanen Ohio ne. Arthur na kwance yana jinyar ajali, suka ɗauki jirgi zuwa Maryland a 2013 aka ɗaura musu aure a cikin jirgin. Obergefell ya nemi idan Arthur ya rasu a rubuta sunan shi Obergefell a takardar a matsayin abokin aure, dokar Ohio kuwa ba ta san da auren ba. Ku lura, lauyoyin gobe: babbar shari'a daga ƙaramar takarda take tashi.

Ranar 26 ga Yuni 2015 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dole kowace jiha ta halatta auren jinsi, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Mai shari'a Kennedy ya dogara da gyara na 14 na tsarin mulki, wanda ya ce doka ta daidaita kowa, ya kuma kawo hukuncin 1967 da ya soke haramcin aure tsakanin baƙi da farare. Hujjar ɓangarensa ita ce haƙƙin tsiraru ba ya jiran ƙuri'ar masu rinjaye. Alƙalin alƙalai Roberts ya ce a'a, tsarin mulki bai fayyace ma'anar aure ba, don haka a bar wa jama'a.

Ni dai a nan hujjar Roberts ta fi kama ni. Abin da ya shafi gida da zuriya, mutum 5 sun yi kaɗan su yanke wa al'umma. Ireland, wata guda kafin nan, ƙuri'ar raba gardama ta yi, kashi 62 suka amince. Wanda ya sha kaye ya san an tambaye shi. Nijeriya ma ta majalisa ta bi, ta haramta, Jonathan ya sa hannu a 2014.

Su kansu magoya bayan hukuncin hankalinsu bai kwanta ba. Da kotun ta soke haƙƙin zubar da ciki a 2022, Mai shari'a Thomas ya ce a sake duba hukuncin auren jinsi ma. Nan da nan majalisa ta yi doka, Biden ya sa hannu a Disamba. Amma ku karanta ta da kyau: ba ta tilasta wa jiha ɗaura auren ba, cewa ta yi ta amince da wanda aka ɗaura a wata jihar.