Daga ƙofar Old Vic: inda Judi Dench ta koyi sana'a

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina tsaye a titin The Cut, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Waterloo a Landan. Ginin nan da ke bayana shi ne Old Vic, gidan wasan kwaikwayo da aka buɗe tun 1818. Da 'yan wasan wannan gida Judi Dench ta fara aiki a 1957, tana da shekara 22, ta fito a Ophelia cikin wasan Hamlet na Shakespeare.

Yawancinku a finafinan James Bond kuka san ta, dattijuwar nan mai gajeren gashi da ake kira M, shugabar Bond, daga 1995 zuwa 2012. To ku sani, shekararta 60 lokacin da aka ba ta wannan matsayi. An haife ta a York a 1934, kuma kusan shekara 38 ta yi tana hawa dandamali kafin Bond.

Ku dubi girman ginin. Yana cin mutum kusan dubu ɗaya, kuma a zamaninta ba a maƙala wa ɗan wasa makirufo. Dole wanda ke kujerar ƙarshe, can sama, ya ji kowace kalma. A Landan wasa takwas ake yi a mako: dare shida, Litinin zuwa Asabar, da na rana biyu. Wanda ke ɗaga murya daga maƙogwaro, kafin Alhamis ta dushe. Daga ƙasan haƙarƙari ake jawo iska, kafaɗa ba ta motsi, sannan a furta baƙin ƙarshe na kowace kalma, don shi ne yake fara ɓacewa a babban zaure.

Sai baitin Shakespeare. Galibi layi gaɓa goma ne, mai sauƙi da mai nauyi, sau biyar. Wanda ya karanci karin rubutacciyar waƙar Hausa zai gane nan take. Idan ɗan wasa ya shaƙi iska a tsakiyar layi inda ba wurin tsayawa, kari ya karye, ma'ana ta bi shi. Peter Hall, wanda ya ba ta umarni a 1987 lokacin da ta fito a Cleopatra tare da Anthony Hopkins, mutum ne mai tsanani kan a girmama ƙarshen layi.

Aikin da ni nake ganin ya fi nuna gwanintarta shi ne Macbeth na 1976, ita da Ian McKellen, a wani ƙaramin ɗaki a Stratford. Da'ira kawai aka zana a ƙasa, 'yan wasa suna zaune kan akwatuna, 'yan kallo dab da su. A nan dole ta sauke murya har zuwa raɗa ba tare da kalma ta faɗi ba. Abin da kyamara ke so ke nan. Shi ya sa a 1999 ta karɓi Oscar da fitowar da ba ta wuce minti takwas ba, a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya cikin fim ɗin Shakespeare in Love.

Jiki ma yakan ci amanar ɗan wasa. A 1981 agararta ta tsinke ana tsaka da atisayen wasan waƙe-waƙe na Cats, Elaine Paige ta maye gurbinta. A 2012 ta bayyana cewa tana da ciwon ido mai cinye tsakiyar gani, har karatu ya gagare ta. Sai ta koma hadda da kunne: wani ya karanta mata layi, ya maimaita, ta maimaita, har ya zauna. Duk da ciwon idon, ta fito a fim ɗin Belfast na 2021, aka sa sunanta a takarar Oscar tana da shekara 87.

Yanzu ku biyo ni bakin kogin Thames, tafiyar minti goma ce, in nuna muku zauren Olivier na gidan wasan National Theatre, inda ta yi Cleopatra.