Jawabin Maraba ga Shugaban Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya

Mai girma Baba Shugaba, Rabaran-rabaran da suka rufa maka baya, dattawan ikkilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata, da matasa, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. A madadin wannan ikkilisiya da ke Jos, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya.

Baba, Manzo Bulus ya umarci Romawa, a sura 15 aya 7, su karɓi juna kamar yadda Almasihu ya karɓe su, domin a ɗaukaka Allah. Mun daɗe muna karanta wannan aya, amma sai a ƙarshen Oktoban 2014 muka san nauyinta, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedkwatarmu ta Kwarhi, watanni shida bayan sace 'ya'yanmu mata a Chibok. 'Yan'uwa suka iso garin nan daga Michika, Gwoza da Lassa, da yawansu ba su riƙe da komai sai tufafin jikinsu. Ba a jira zaman kwamiti ba. Mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, mai buhun masara ya raba shi, matan zumunta kuma suka ɗora tukunya safe da yamma ba tare da tambayar baƙo ko Margi ne, ko Bura, ko Kamwe ba. A ganina, ba mu taɓa yin wa'azin da maƙwabtanmu suka saurara kamar wannan ba, domin wasu da ba su taɓa taka ƙofar majami'a ba sun zo suna tambayar abin da ya haɗa mu da mutanen da muke ciyarwa.

Gado ne muka tarar. Tun daga sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida cikin 1923 ake kiranmu 'yan'uwa, kuma har yau dattijo yakan durƙusa ya wanke ƙafafun saurayi kafin a ci Jibin Ubangiji.

Sai dai, Baba, aikin bai ƙare ba. Akwai gwauraye a cikinmu da ba su iya komawa gida ba, akwai kuma marayun da kuɗin makaranta ya gagare su. Muna roƙonka ka kai kukansu gaban babbar majalisar ikkilisiyarmu, ka kuma sa mana albarka kafin ka tashi. Iyayenmu mata sun shirya maka abinci bayan sujada.