Amsoshin Tambayoyinku: Harbin Kifi da Baka Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraronmu a Garwa da kewaye, har zuwa Lagdo da Pitowa, barkanmu da yamma. Wasiƙu sun taru, lokaci kuwa ba yawa. Yau ma muna tare da Baba, tsohon masunci da ya yi furfura a bakin Binuwai. Baba, sannu da zuwa.

Baba: Yawwa ɗana, sannu kadai.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah daga Kusiri tana tambaya ko gaskiya ne tarwaɗa tana rayuwa a wajen ruwa. Gaskiya ne, Hajiya, tana shaƙar iska, takan yi sa'o'i muddin jikinta da danshi. Wani kuma daga Marwa ya ce mu gaishe masa da budurwarsa. Malam, wannan ba filin zaɓe ba ne, ka bari sai Asabar!

To ga wadda ta fi yawa, mutum huɗu suka aiko da irinta. Wani matashi daga Pitowa ya ce ya ga bidiyo a Facebook, Turawa a Amurka suna harbin kifi da baka da kibiya. Yana so ya fara, amma abin da ke hannunsa sefa 10,000 ne kacal. Wai zai yiwu?

Abin da ka gani gaskiya ne. A kogunan Misisipi da Ilinoi akwai wani kifi da aka kai musu daga Asiya, ya yi yawa har ya dame su, shi ya sa ake harbinsa ba tausayi. Amma jirgi mai inji da fitilu da ka gani, ka cire su daga ranka. Baba, da me yaro zai fara?

Baba: Ai mu zamaninmu ba baka ba, mashi ne da zago. Kafin a gama madatsar Lagdo a 1982, in ruwa ya janye sai ka ga bargi ya taso shan iska, ƙato haka, ka sake masa mashi. Giwan ruwa kuwa sai mutum biyu su rataya shi a sanda. Yanzu yara sun cika ruwa da kalli, ragar nan mai ƙananan ido, suna kwashe har jarirai. Ina kifi zai girma?

Mai gabatarwa: Allah ya ja kwana, Baba, amma baka muka tambaya.

Baba: To, bakan. Ya je wurin maharba, bakansu na gida ya isa. Ba sai mai tsauri ba, ai ba ɓauna zai harba ba. Kibiyar ce abin lura. Ta kyauro ba ta shiga ruwa, da ta taɓa shi sai ta kauce. Maƙeri ya ƙera masa ta siririn ƙarfe mai nauyi, ya fitar mata da kunne biyu don kada kifi ya zame. Kuma ba a sa mata gashi a gindi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. Baka na maharba, kibiya mai nauyi mai kunne, babu gashi. Sai igiyar lailon mai ƙarfi, kamar mita 15. Abin naɗe ta fa? Gwangwanin madara ko gorar roba, ka ɗaure a gaban bakan da robar tayar babur, ka naɗe igiyar a kai layi-layi, bakin gwangwanin yana kallon inda za ka harba. In ka saki, igiyar za ta warware da kanta. A ganina kuɗinka ba za su ƙare ba, har ka sayi goro ka kai wa maƙeri.

Amma ku saurara da kyau, nan ne haɗarin yake. Kada ka ɗaure igiyar a gindin kibiya. In ta sarƙe da tsirkiya ko da hannunka, kibiyar za ta tafi ta dawo maka a fuska, kuma an sha rasa ido ta haka. Ka sa ɗan zobe da ke zamewa a jikin kibiyar, da ɗan tudu a gindi da zai tare shi. Igiyar a zoben za ta kasance, kuma kafin ka ja, zoben yana gaba, kusa da tsinin kibiyar, gaban bakan. Na sake faɗa: igiya a zobe, zobe a gaba.

Baba: Kuma ido yana ƙarya a ruwa.

Mai gabatarwa: Yawwa, faɗa musu.

Baba: Ka tsoma sanda a bokiti, za ka ga kamar ta karye. To haka kifi yake. Inda ka gan shi ba nan yake ba, yana ƙasa da nan. Ka nufi ƙarƙashin cikinsa. In ka ga kamar ka yi ƙasa da yawa, ƙara yin ƙasa. Ni sai da na yi damina biyu ina sukar ruwa, mahaifina yana mini dariya daga cikin kwalekwale.

Mai gabatarwa: Saboda haka kafin ka nemi kifi, ka ɗaure gorar roba a dutse, ka nutsar da ita a ruwa mai kai gwiwa, ka tsaya taku huɗu ko biyar, ka yi ta harbi har hannunka ya gane. Kuma aikin rani ne, lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau. Da damina Binuwai kamar kunu take, me za ka gani? Ga shi ma a Lagdo akan rufe kamun kifi daga Yuli zuwa Satumba don kifi ya hayayyafa. Tarwaɗa da bargi sun fi sauƙi tunda suna tasowa sama. Karfasa ma takan zo gefe, sai dai wayo gare ta, inuwarka kawai ta gani ta tafi.

Sannan ɗan'uwa, kada zumuɗi ya ɗebe ka. Ka gaida sarkin ruwa, ka leƙa ofishin ma'aikatar kiwo da kamun kifi ka tambayi maganar takarda. Ka sanar da jauro ma, don a wannan zamani a ga baƙo da baka a bakin ruwa da magariba, sai an yi dogon bayani. Ni kam ban ba da shawarar fita da dare ba.

Baba: Dorina tana fitowa kiwo da dare. In ka shiga tsakaninta da ruwa, kibiyarka tsinke ce.

Mai gabatarwa: Kun dai ji. Ta ƙarshe, wani daga Maga yana tambaya ko kifin da aka harba yana ciyuwa. Yana ciyuwa mana, sai dai raunin yana sa shi saurin lalacewa, ka gyara shi nan take, a dafa ko a yi banda. Injiniya yana ta nuna mini agogo. Baba, mun gode. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.