Amsoshin Tambayoyinku: Shatin Yatsa a Gilashin Kyamara

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonnin wannan mako kamar an haɗa baki, kusan duk a kan gilashin kyamara suke, wanda masu hoto ke kira lens, da yadda za a goge shi ba tare da an ɓata shi ba. Ba abin mamaki ba ne, hunturu ya kankama, ga bukukuwa ta ko'ina.

Za mu fara da wasiƙar wani mai ɗaukar hoto daga Fagge a birnin Kano. Ya ce: "Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna. Yara kan taɓa min gilashin kyamara, wani lokaci ni da kaina nake taɓawa bayan na ci abinci. Nakan huce shi da iskar baki in goge da gefen rigata. Wani abokin sana'a ya ce kashe gilashin nake yi. Gaskiya ne?"

To Malam, abokin naka bai faɗi ƙarya ba. Sai dai shatin yatsan shi ne ƙaramin abin tsoro a nan. Maiƙo ne da gumi, ana cire shi cikin minti guda. Abin da ke kashe gilashi shi ne ƙurar da ta manne a kan maiƙon, da kuma hannun da ke gaggawar gogewa.

Ƙurar hunturu da muke gani kamar gari, akwai ɓarɓashin yashi a cikinta. Mafi yawanta iska ce ke kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. Akwai wani ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. A wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi yana tsakanin 5.5 da 6, ƙwayar yashi kuwa 7 take. Kenan yashi ya fi gilashi tauri, kuma duk abin da ya fi wani tauri zai iya karce shi. Idan ka ɗora gefen riga a kan gilashin da ke da ƙura ka murza, daidai yake da matar da ke dirzar gindin tukunya da yashi, sai dai ita tana so ne tukunyar ta kankare, kai kuwa ba haka kake so ba. Rigar ma da ka wuni da ita a filin biki ta kwashi tata ƙurar. In shadda ce mai sitaci, abin ya ƙara muni.

Sannan ba gilashi tsura kake gogewa ba. Ka ɗaga shi ka karkata wajen haske, za ka ga wani ƙyalli kore-kore ko shuɗi ko ruwan goro. Wannan wani siririn shafe ne da ake yi wa gilashin a masana'anta. Gilashin da ba a shafa ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa wa kowace fuskarsa, ga shi lens guda yana iya ɗauke da gilasai goma ko fiye a jere, don haka asarar takan yi yawa, hoto ya fito fari-fari ba armashi. Wani masanin kimiyya ɗan Yukren, Alexander Smakula, shi ya samar da dabarar wannan shafe a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935. Kaurinsa bai fi kusan kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba, gashin kanka ya ninka shi sau ɗaruruwa. Na zamani yana da ƙwari, ba ya fita don an goge shi da ƙyalle mai tsabta. Amma ƙwayar yashi guda ta isa ta ja masa layi, kuma layin nan ba ya gogewa har abada.

Ga yadda za ka yi. Da farko, kada komai ya taɓa gilashin sai iska. Ka nemi ɗan famfon roba da ake matsawa da hannu, masu sayar da kayan hoto suna da shi, masu gyaran agogo da waya ma suna amfani da irinsa. Ka kifa kyamarar, gilashin yana kallon ƙasa, ka matsa famfon sau da yawa don ƙurar ta zubo. Abin da ya ƙi fita, ka share shi a hankali da burushi mai laushi wanda ba a yi wa wani aiki da shi, kuma kada ka riƙa shafa gashin burushin da yatsa, don maiƙon hannunka zai koma kansa. Sai bayan nan ƙyalle zai shigo. Ƙyallen maikrofaiba ake so, irin wanda ake bayarwa tare da sabon tabarau. Ka ɗiga ruwan goge lens ɗigo ɗaya ko biyu a kan ƙyallen. Kada ka zuba a kan gilashin kai tsaye, don ruwan kan gangara ta gefe ya shige ciki, inda hannu ba ya kai. Ka fara daga tsakiya, kana zagayawa a hankali har ka kai baki, ba dannawa. Sai ka juya busasshen ɓangaren ƙyallen ka bi sau ɗaya. Ka haska fitilar waya ta gefe ka duba. In ka ga sauran dabbare kamar bakan gizo, ka maimaita da wani ɓangaren ƙyallen da bai taɓa komai ba.

Batun iskar baki kuwa, hucin da ke sa gilashi ya yi raɓa ba wani bala'i ba ne idan an matsu, amma ruwa ne kawai, ba ya narkar da maiƙo. Hurawa da ƙarfi ita ce ba na so, domin yawu ke fita tare da iskar. In kuma mai cin goro ne kai, Malam, to ka san abin da zai biyo baya.

Ƙyallen shi ma yana da nasa haƙƙin. Ka ajiye shi a 'yar leda mai zif, ba a aljihu tare da makulli da canji ba. Ka riƙa wanke shi da ɗan sabulu marar turare, ka ɗauraye sosai, ka shanya a cikin ɗaki. Ƙyallen da ya sha maiƙo sai dai ya baza maka shi a kan gilashi.

Sai wata 'yar'uwa daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar, wadda ke sayar da atamfofi ta WhatsApp. Ta ce hotunan wayarta sun koma kamar an ɗauka cikin hazo, da dare kuma kowace fitila sai ta ja dogon layin haske. Tana tambaya ko kyamarar ce ta lalace.

Hajiya, kafin ki kai wa mai gyara ki duba bayan wayar. Galibi maiƙo ne, na yatsa ko na man shafawa, tunda wayar a hannu take wuni. Maiƙo yana warwatsa haske, shi ya sa baƙi ke komawa toka-toka, launin atamfa ya dushe. Layin da kike gani a jikin fitila kuwa alama ce ta cewa an shafe gilashin da yatsa ta gefe guda, sai maiƙon ya kwanta layi-layi. Ki gwada ma ki gani: idan kika shafa daga sama zuwa ƙasa, hasken zai miƙe ta gefe zuwa gefe. Ki hure ƙurar, ki goge da ƙyallen tabarau, ki bi zoben da ke kewaye da gilashin da audugar goge kunne, don nan datti ke maƙalewa. In wayar tana cikin riga mai rufe kyamara, ko an manna mata ƙarin gilashin kariya mai arha, ki cire ki ɗauki hoto ki kwatanta. Sau tari wannan ƙarin gilashin ne mai laifin. Idan duk kin yi haka hazon bai tafi ba, kuma kina hango raɓa ko ƙura ta cikin gilashin, to wannan kam aikin mai gyara ne.

Wani ɗalibi daga Zariya ya jero abubuwa yana tambayar wanne ya halatta: sifirit na kemis, sanitaiza, turare, ruwan goge tagogi, da ruwan cire jan farce. Ɗan'uwa, huɗun ƙarshe ka ajiye su. Sanitaiza akwai gilisarin a yawancinta, za ta bar danƙo. Turare akwai mai. Ruwan goge tagogi wasunsa na ɗauke da amoniya, ba a yi shi don wannan shafe ba. Ruwan cire jan farce kuwa yana narkar da roba da fenti, zai cinye maka zoben da ke riƙe gilashin da rubutun da ke kansa. Abin da ake amfani da shi shi ne sinadarin aisofrofil mai tsabta, wanda shi ne ginshiƙin yawancin ruwan goge lens. Kamfanin Apple ma ya amince a goge bayan iPhone da ƙyalle mai kashi 70 cikin 100 na wannan sinadari, amma ya hana bilic. Sifirit na kemis ya danganta da abin da aka gauraya masa. Ka ɗiga shi a kan madubi mai tsabta ka bari ya bushe, in ya bar tabo to zai bari a kyamararka. Tishun bayi da na cin abinci ma ka bar su, kaushi gare su kuma suna zubar da ɓurɓushi.

Daga Kumasi a ƙasar Gana, wani matashi ya ce ya ga bidiyo ana goge karcen kyamarar waya da man goge baki. Kada ka yi. Man goge baki yana da ɗan gari mai kankare haƙori, abin da zai yi shi ne ya cinye shafen da ke kan gilashin. Idan wani ya ce ya gwada hotonsa ya gyaru, mai yiwuwa shafen nasa ya riga ya fara ɓarewa ne, man ya ƙarasa kankare shi. Karce na gaske sai dai a canza ɗan gilashin bayan, kuma a yawancin wayoyi masu gyara suna canza shi shi kaɗai ba tare da an taɓa kyamarar ba.

Tambayar da ta fi burge ni a wannan mako ta fito ne daga wani dattijo a Jos, wanda ya ce ya gaji kyamarar mahaifinsa, yana goge ta kowace safiya ko bai fita da ita ba, amma kwanan nan ya ga wani abu kamar saƙar gizo a gilashin da ya ƙi gogewa.

Baba, Allah ya ƙara girma. Da farko dai a rage gugar nan ta kullum. Kowace guga dama ce ta karce, kuma 'yar ƙurar da ke gaban gilashi ba ta fitowa a hoto, domin ta yi kusa ƙwarai da kyamarar, ba ta ganinta. A sa murfi a ajiye, sai an ga shatin yatsa ko ɗigon ruwa sannan a goge. Shatin yatsa ne kaɗai ba a bari ya kwana biyu, saboda gumi yana da gishiri da ɗan tsami, in ya daɗe yana iya cin shafen, musamman na tsofaffin gilasai irin naku da shafensu bai kai na yanzu ƙwari ba. A kuma riƙa duba gilashin baya, wanda ke shiga cikin kyamarar, don tabo a can ya fi ɓata hoto fiye da na gaba.

Saƙar gizon nan kuwa, ga dukkan alamu fumfuna ce, kuma a ciki take, shi ya sa ƙyalle ba ya kai mata. Tana son laima da duhu da wurin da iska ba ta zagayawa, wato jakar fata da aka rufe a cikin akwati duk tsawon damina. In aka bar ta takan ci shafen ta bar zane na dindindin, don haka a kai wa wanda ya iya kwance lens tun da wuri, kada a gwada kwancewa a gida. Bayan an gyara, a ajiye ta a mazubi mai murfi tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa fito da ita tana shan iska da haske. Amma kada a bar gilashin yana kallon rana tsaye, don yana tattara haske ya ƙona abin da ke bayansa.

Mai hoton Fagge ya ƙara da tambaya a ƙasan wasiƙarsa, ko filta, wato ƙarin gilashin da ake ɗaurawa a gaban lens, tana da amfani. A wurin hawan sallah ko filin biki mai ƙura da yara, ƙwarai kuwa. Filta mai kyau za ta karɓi yatsa da yashi a madadin gilashi mai tsada, in ta karce a sayi wata. Mai arha sosai dai takan kawo ƙyalli idan ana fuskantar fitilu da dare, sai a cire ta a lokacin. Hular roba da ake ɗaura wa bakin lens don tare hasken rana ita ma tana hana yatsa kaiwa ga gilashin.

Akwai saƙonni biyu daga Maraɗi da Garwa a kan baƙaƙen ɗigo da ke fitowa a wuri guda a kowane hoto, musamman idan an ɗauki sararin sama. Wannan ƙura ce a kan sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, a can cikin kyamarar, kuma gogarta daban take da abin da muka faɗa yau. Kada a sa mata ƙyalle ko burushin lens kafin mu zo kanta a shiri na gaba. Sai Allah ya kai mu, a huta lafiya.